Jirgin da Injiniya Ya Kasa Tsayarwa

Akwai wani mai walda da mutane ke kira Injiniya. Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan ba, shi ya raɗa wa kansa, ya sa aka rubuta da jan fenti a saman ƙofar shagonsa. Amma a ba shi haƙƙinsa, ya iya aiki. In ya haɗa maka ƙofar ƙarfe, ɓarawo kan zo ya dube ta, ya gaishe ta, ya wuce gidan gaba.

Ciwonsa ɗaya ne. Tun da ya yi wayo ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba." An ce ko hanya ta ɓace masa, sai ya ce hanyar ce aka sauya mata wuri.

Mahaifiyarsa, da suke kira Inna, tana zaune a tsallaken wani babban tafki, a gidan gonar da mijinta ya rasu ya bari. An yi an yi ta dawo cikin gari, ta ce ita da gidan nan sai a ɗauke su tare. Ga ta da ciwon suga, ga wani miki a ƙafarta da ya ƙi warkewa, dole duk mako a kai ta asibiti a wanke.

Yayarsa ce ke wannan jigila. Takan ɗauko Inna a ƙaramin jirgin alminiyum na marigayi babansu, ta yi ta tuƙi da filafili, awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, rana na dukan tsohuwa a ka. Kuma Inna, duk da shekara arba'in da ta yi tana auren masunci, ko a baho ba ta iya iyo ba.

Wata rana Yaya ta samo tsohon inji, irin wanda ake ratayawa a bayan jirgi. Aka rataya, aka tayar. Sai ƙara da kumfa, jirgi na nan inda yake. Ashe ƙafar injin gajera ce, bangon bayan jirgin kuma dogo, farfelar ba ta nutsa cikin ruwa, sama-sama kawai take kaɗa shi.

Yaya ta sa aka ɗora jirgin a amalanke har ƙofar shagon ƙaninta.

"Auta, a rage tsawon bangon nan injin ya sauka. Za ka iya?"

"Yaya, a gaban mutane ki riƙa cewa Injiniya. Kuma wannan ai ba aiki ba ne, atishawa ce."

A jikin shagonsa akwai rumfar wani tsoho, Baba Mai Tukwane, aminin babansu, wanda ke narka tarkacen alminiyum yana zuba tukwane. Shi ya fara riƙa wa Injiniya guduma a hannu tun yana ƙarami, amma Injiniya ya daɗe da mance wannan babin.

Tsohon ya taso yana dafa gwiwa, ya zagaya jirgin, ya shafa bangon bayan kamar mai gaishe da tsohon sani. Sannan ya jera yatsunsa a kai.

"Yatsu huɗu za ka rage, ɗana. Kada ka ƙara ko farce. Kuma da zarto, ba da wuta ba. Ka sa katako mai ƙarfi ciki da waje, ka kama shi da ƙusar ribiti, irin wadda ake dakan kanta ta baje, kamar yadda aka haɗa jirgin tun farko."

Injiniya ya zaro tef ɗin awo daga aljihu, ya ja shi, ya sake shi ya koma da ƙara.

"Baba, zamanin awo da yatsa ya wuce. Wannan jirgi ne, ba murfin tukunya ba."

"Ƙarfensu ɗaya da murfin tukunyar," in ji tsohon. "Shi wannan ba kamar baƙin ƙarfenka ba ne. Baƙin ƙarfe in ya ji wuta yakan yi ja, ya gaya maka ya kusa. Wannan ba ya faɗa. Yana nan fari fat, sai dai ka ga ya zube."

"To na ji, Baba. A gaida tukwane."

Masu zaman banza a bakin shagon suka kwashe da dariya. Tsohon ya koma rumfarsa.

Da suka watse Injiniya ya auna ƙafar injin, ya auna bango, ya yi lissafi a bayan kwalin ashana. Da ya ja layin, ya waiga hagu da dama, ya ɗora yatsunsa a kai a ɓoye. Huɗu cif. Abin ya ɓata masa rai ƙwarai.

Ya yanke da zarto, ya fito tsaf. Da a nan ya tsaya ya nemo katako, da labarin nan bai kai gare ku ba. Amma ina! Katako da ƙusa aikin kafinta ne, shi kuwa Injiniya ne. Ya ce sai ya yi wa bakin yankan walda, yadda in mutane sun gani za su san hannun wa ya bi ta wurin.

Ya jira har Baba ya tafi sallar azahar, ya kunna wutar gas, ya kanga ta a bangon. Yana jira ƙarfe ya yi ja. Shiru. Ya ƙara wuta. Shiru, fari fat. Ya matso da bakin wutar, yana cewa a ransa yau za a ga mai taurin kai tsakaninsu.

Sai bangon ya lotsa kamar kitse a kasko, ya zubo ƙasa. Rami ya buɗe a ƙarƙashin yankan, faɗin tafin hannu, gefensa duk ya yamutse.

Injiniya ya kashe wuta. Zufa ta keto masa har cikin kunne. Jirgin babansu ne. Ya tuna yadda marigayin kan wanke shi da tsumma kamar mai yi wa jariri wanka. Ya dubi rumfar Baba, taku biyar ce tsakaninsu. Ya san in ya jira tsohon ya dawo, akwai yadda za a yi. Amma kuma sai ya buɗe baki ya faɗi abin da ya faru.

Ya ɗauki zarto.

Ya yanke duk inda wuta ta ci, ramin ya tafi tare da guntun. Yankan da aka ce yatsu huɗu ya koma tara. Ya ɗaure bakin da ƙarfen kwana, ya shafe da shuɗin fenti, guntun kuma ya wurga shi bayan shago cikin bola.

Abin da ya mance shi ne, duk wani guntun alminiyum da ya faɗi a layin nan, a buhun Baba Mai Tukwane yake kwana.

Washegari da hantsi tsohon ya shigo shagon, ya jira har wani da ya zo karɓar taga ya fita. Sannan ya zaro guntun daga aljihu ya ajiye a kan teburin aiki.

"Ba wanda ya gani sai ni," ya ce a hankali. "Ina da fallen alminiyum mai kauri. Mu mayar da bangon yadda ya kamata, kwana biyu mun gama. In an tambaya, ka ce kai ka sake shawara."

Injiniya ya dubi guntun, ya kawar da kai. Da tsohon ya zo da faɗa, da ya fi masa sauƙi.

"Wannan ba daga jirgin nan ya fito ba."

"Ɗana, jirgi in yana gudu yakan bar ruwa a baya. In ya tsaya, ruwan nan yakan biyo shi. Bangon da ka rage shi ke tare shi. Uwarka za ka ɗauka a ciki."

"Baba, ina da aiki."

Tsohon ya ɗauki guntunsa ya fita. Bai tsaya nan ba, ya je ya sami Yaya ya gaya mata. Yaya ta zo hankali tashe. Injiniya ya yi dariya, ya ce tsufa ne da kishin sana'a, ta zo gaɓa da la'asar ta gani da idonta.

Da la'asar ya shiga jirgin shi kaɗai, ya ba shi wuta. Jirgi ya ɗaga hanci ya tsaga ruwa, mutanen gaɓa suka ɗau sowa. Sai da ya kewaya bayan wani kurmin ciyawa, inda ba mai ganinsa, sannan ya sassauta.

Igiyar ruwan da ke bin sa ta iso, ta haura ta gefen injin, ta zubo masa a cinya.

Ruwan ya kai idon sawu, kuma shi kaɗai ne a ciki. Ya kwashe da hularsa, ya matse ta, ya lallaɓo gaɓa a hankali yana ɗaga wa mutane hannu.

"Kin gani?" ya ce wa Yaya.

"Me ya jiƙa maka wando?"

"Feshin gudu ne. Ke kin saba da filafili."

Kwana uku abinci bai yi masa daɗi ba. Sau biyu yana tsayawa a bakin rumfar Baba, sau biyu sai dai ya tambayi lokaci ya wuce. Yana ta lallashin kansa: ni zan tuƙa, zan sassauta a hankali, ba abin da zai faru. Daga baya in ƙura ta lafa sai in gyara ba wanda ya sani.

Ranar asibiti ta zo. Shi da Yaya suka ƙetara da safe, ya lallaɓa ya tsaya lafiya. Inna na zaune a bakin ruwa, ƙafarta naɗe da farin bandeji, ga buhun albasa a gefenta.

"Inna, wannan fa?"

"Na jikokina ne. Ko jirgin Injiniya ba ya ɗaukar albasa?"

"Yana ɗauka," ya ce da sauri.

Aka saka buhu a tsakiya. Inna kuma ta ce ita a baya za ta zauna, kusa da autanta, ta ga yadda yake sarrafa abin. Injiniya, wanda shi kansa tumbinsa ya kai buhu guda, ya zauna ya saci kallon bangon. Tsakanin bakinsa da ruwa bai fi yatsu biyu ba.

Ya ja igiyar tayarwa, inji ya tashi, suka kama hanya. Muddin ana gudu, lafiya lau. Iska na kaɗa mayafin Inna, tana dariya kamar yarinya.

"Da babanku ya ga wannan! Allah ya yi maka albarka, Auta."

Bai iya cewa amin da ƙarfi ba.

Cikin minti ashirin gaɓar gari ta bayyana, cike da masunta da masu wanki. Can gefe ya hango Baba Mai Tukwane zaune a kan dutse, da nannaɗaɗɗiyar igiya a cinyarsa. Ranar kasuwa ce, amma tsohon ya rufe rumfarsa ya zo ya zauna.

Injiniya ya sassauta kaɗan. Kaɗan ƙwarai.

Ruwa ya hauro ta gefe biyu na injin, ya zubo a kan ƙafar Inna. Ta yi salati. Ya murɗa totur da sauri, jirgi ya zabura, ya karkata shi ya bar gaɓa.

Mutane suka ɗauka burga ce, suka hau tafi.

"Sai Injiniya! Ƙara zagaye ɗaya!"

Ya zagayo, ya sake gwadawa. Wannan karon ruwan ya fi na farko, don wanda ya riga ya shiga ya ƙara danne bayan jirgin. Ya sake ba da wuta.

"Auta, tsaya mana!" in ji Yaya. "Wane irin wasa ne wannan da mara lafiya?"

Ya taɓa tankin mai da ƙafa, ya ji shi sakayau. Man zuwa da dawowa kawai ya zuba, bai yi lissafin zagaye ba. In injin ya mutu da kansa suna cikin wannan gudu, duk ruwan da ke bin su zai shigo a lokaci ɗaya. Wurin kuwa ya fi tsayin mutum uku zurfi.

Inna ta daina salati da ƙarfi. Ta kama gefen rigarsa ta riƙe, tana kallon fuskarsa, ba ruwan ba.

A zagaye na uku tafi ya mutu. Baba ya miƙe, ya shigo ruwa har gwiwa.

Injiniya ya buɗe baki. Maganar ta fito ƙasa-ƙasa, ƙarar inji ta haɗiye ta.

"Me ka ce?" Baba ya kanga hannu a kunne.

Jirgi ya wuce. Sai da ya sake zagayowa, ya cika ƙirji da iska, ya kwarma yadda har masu wanki na can ƙarshe suka ji:

"Baba! Ban san yadda zan tsayar da shi ba! Na ɓata bangon! Ban sani ba, Baba!"

Tsohon bai ɓata lokaci ba.

"Kowa gaba! Buhun gaba, uwarku gaba!"

Yaya ta tura buhun zuwa hancin jirgi. Ta dawo da rarrafe, ta ɓamɓare yatsun Inna daga rigar ɗanta, ta rungume ta tana ja, jirgi na tangaɗi, tsohuwa na nishi saboda ƙafar.

Da suka sake giftawa Baba ya ɗaga murya: "Cire rigarka ka cusa a gefen injin! Kai ma matso gaba, nauyinka ne rabin masifar!"

Injiniya ya tuɓe rigar, mai sunansa a rubuce a baya, ya cusa. Ya kwanta rub da ciki a cikin ruwan da ke ƙasan jirgi, ya miƙa hannu baya yana riƙe da totur da ƙyar.

"Nufi ciyawar can, ba zurfi! Sassauta kaɗan-kaɗan, kamar mai kwantar da jariri!"

Ya nufi ciyawa. Yana sassautawa, yana jin ruwa na lasar bangon. Saura kaɗan su shiga, inji ya yi tari sau biyu ya mutu.

Ruwan ya iso. Ya ture rigar, ya shigo. Bayan jirgin ya nutse, hancinsa ya ɗaga ya cusa cikin ciyawa, ya tsaya a kan laka. Ruwa iya ƙugu.

Kafin Injiniya ya tofar da abin da ya haɗiya, Baba da masunta uku sun iso da igiya. Suka ɗauke Inna a hannu zuwa tudu. Tana da rai, ba ta sha ruwa ba. Amma farin bandejin nan ya koma baƙi da laka.

Mikin ya kumbura a daren farko. Aka riƙe ta a asibiti, zazzaɓi na hawa yana sauka. A rana ta uku likita ya kira Injiniya da Yaya gefe, ya ce in bai sauka ba zuwa jibi, za a fara maganar yanke ƙafar. Injiniya ya fita baranda ya zauna a ƙasa. Shi da ya ƙi a ji ya yanke yatsu biyar na ƙarfe fiye da ƙima.

Allah ya taimaka, kumburin ya sauka a rana ta biyar. Da ta samu ƙarfin magana, Inna ta ce Yaya ta ba su wuri.

"Auta, abu ɗaya zan tambaye ka. Ka san da matsalar kafin ka ɗauke ni?"

Ƙarya uku suka zo masa baki, kowacce da kayanta tsaf. Ya haɗiye su.

"Na sani, Inna."

Ba ta yi faɗa ba. Ta juya fuskarta bango, ta ja mayafi. Ya fi awa yana zaune, ba ta juyo ba.

Daga asibiti bai biya gida ba, rumfar Baba ya nufa. Ya durƙusa, ya fara jero ban haƙuri. Tsohon ya katse shi, ya miƙa masa wani dunƙulen ƙarfe.

"Shiga cikin jirgin ka tokare bayan ƙusar da wannan. Ni zan daka daga waje. In ka motsa, mu sake."

Haka Injiniya ya yini biyu a tsugune cikin jirgi, Baba na daka, kowane bugu na ratsa masa haƙora. Ƙusa arba'in da shida. Aka mayar da falle, aka sa katako ciki da waje, aka bar yankan a yatsu huɗu. Masu zaman banza sun zo kallo, wani ya ce, "Injiniya, yau kai ne ƙaramin ma'aikaci?" Ya ce, "Ni ne," bai ɗago ba.

Sannan Baba ya sa aka kai jirgin ruwa, aka loda buhuna uku, ya sa shi ya yi gudu ya tsaya, ya yi gudu ya tsaya, har sau goma. Ruwan kan biyo su, ya daki bango, ya koma.

Ranar da aka sallami Inna, aka kawo ta gaɓa. Ta daɗe tana kallon jirgin. Ba ɗanta ta tambaya ba, tsohon ta duba.

"Mai Tukwane, ka duba shi?"

"Na duba. Shi ma ya duba."

Aka shigar da ita. Ta wuce can gaba ta zauna, ta ba injin baya, ta ba mai injin baya. Wurin da ta zauna rannan kusa da shi ya kasance fayau.

Ya kama igiyar tayarwa, sai ya ji muryarta, ba tare da ta waiwayo ba.

"Auta. Ka san yadda ake tsayar da shi?"

"Da ban sani ba, Inna. Baba ya koya mini."

Ta gyara zaman ƙafarta a kan matashi.

"To, ja mu tafi."

Darasi: Kuskure ba ya nutsar da mutum kamar ɓoye kuskure. "Ban sani ba" da Injiniya ya ƙi faɗa a asirce, a gaban mutum ɗaya mai son rufa masa asiri, sai da ya kwarma ta a gaban gari, ran mahaifiyarsa na hannunsa. In ka ɓata abu, faɗa tun kana kan tudu, kuma kada ka raina wanda ya riga ka sanin aikin don kayan awonsa yatsu ne. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wancan gwanin da ya faɗo muku a rai tun kuna tsakiyar karatu.